Karatun falsafa da tarihin lissafi: abin da ya ƙunsa, inda ake yin sa, da rabon Katsina a cikinsa

A ranar 26 ga Satumba, 1979, Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukunci a kan tambayar da za a iya yi wa ɗan aji shida na firamare: nawa ne kashi biyu cikin uku na 19? Dokar zaɓe ta lokacin ta ce ba za a ayyana mutum shugaban ƙasa ba sai ya samu aƙalla rubu'in ƙuri'un da aka kaɗa a kashi biyu cikin uku na jihohin ƙasar, kuma jihohin 19 ne. Alhaji Shehu Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12, a Kano kuwa ya tsaya a kashi 19.94 cikin ɗari. Ɓangaren Cif Obafemi Awolowo ya ce jiha ba ta tsaguwa, don haka sai an kai 13. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce amsar ita ce 12 da biyu bisa uku, kuma abin da ake nema a jiha ta 13 shi ne rubu'in kashi biyu cikin ukun ƙuri'unta kawai. Mafi rinjayen alƙalai suka amince da hakan, Mai Shari'a Kayode Eso ya saɓa musu.

Babu ɓangaren da ya yi kuskuren rabawa. Saɓanin yana kan ko jiha abar ƙirgawa ce kamar kan shanu, ko abar aunawa ce kamar fili. Aristotal ya rarrabe waɗannan nau'o'in yawa biyu tun fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, kuma duk wanda ya karanta manɗiƙi a zaure ya gamu da su da sunayensu na Larabci, munfasili da muttasili. Akwai fannin ilimi da irin wannan tambaya ce aikinsa, ana kuma yin digiri na biyu da digirin digirgir a kansa. Shi ne falsafa da tarihin lissafi.

Fannin reshe biyu ne da suka haɗu a gindi. Falsafar lissafi tana tambayar mece ce lamba, me ya sa hujjar lissafi take tilasta wa hankali ya sallama, kuma ta yaya abin da mutum ya tsara a takarda yake dacewa da tafiyar taurari. Tarihin lissafi yana bin diddigin waye ya san me, a wane zamani, da wane harshe, don wace buƙata, da yadda sanin ya yi ƙaura ko ya ɓace. Ɗalibin wannan fanni ba a sa ran ya gano sabon hukuncin lissafi. Ana sa ran ya fahimci lissafin sosai har ya iya tuhumarsa.

Rikicin tushe

Tsohuwar matsaya, wadda ake jingina wa Aflatun, ita ce lambobi suna nan da kansu, ko da mutum ko babu, kuma mai lissafi gano su yake yi kamar yadda matafiyi ke gano dutse. Masu adawa da ita suna tambayar ta wace kafa ɗan Adam ya san abin da ba ya gani, ba ya taɓawa, ba shi kuma da wuri. Wannan gardama ba ta mutu ba, kuma har yau ana rubuta kundin digirin digirgir a kanta.

Sai dai abin da ya mayar da falsafar lissafi fanni mai zaman kansa ya faru ne tsakanin ƙarshen ƙarni na 19 da shekarun 1930. Bajamushe Gottlob Frege ya ƙuduri aniyar nuna cewa ilimin ƙirga gaba ɗaya manɗiƙi ne tsantsa. A littafinsa na 1884 ya kafa wata magana da ta dace da shari'ar 1979: lamba ba ta manne wa abu haka kawai, sai an faɗi me ake ƙirgawa. Tari guda na iya zama ɗaya ko hamsin, gwargwadon sunan da aka kira shi. A 1902, yana dab da fitar da juzu'i na biyu na babban aikinsa, sai wasiƙa ta zo masa daga Bertrand Russell na Ingila da ke nuna cewa ɗaya daga cikin ginshiƙan tsarin nasa tufka da warwara ce. Misalin da aka saba bayarwa shi ne na wanzamin da ke yi wa duk wanda ba ya aske kansa aski, su kaɗai. In ya aske kansa ya karya sharaɗi, in bai aske ba ma ya karya. Frege ya amsa cewa matsalar gaskiya ce, ya kuma buga ta a ƙarshen littafin nasa.

Daga nan masana suka rabu. David Hilbert na Jami'ar Göttingen ya nemi a zuba lissafi duka cikin ƙa'idoji ƙididdigaggu, sannan a kafa hujjar cewa ba za su taɓa cin karo da juna ba. L. E. J. Brouwer na Holan ya ce abin da hankali bai gina shi mataki-mataki ba, ba a da ikon cewa yana nan, ya kuma ƙi yarda a ce kowace magana game da abu marar iyaka dole ko gaskiya ce ko ƙarya. Gardamar ba ta tsaya a takarda ba: a 1928 Hilbert ya sa aka cire Brouwer daga cikin editocin mujallar Mathematische Annalen. Wanda ke zaton masana lissafi ba su san siyasar kujera ba, bai karanta tarihinsu ba.

A 1931 wani matashi a Vienna, Kurt Gödel, ya nuna cewa burin Hilbert ba zai cika yadda ya so ba. Duk tsarin ƙa'idoji da za a iya lissafo su filla-filla, wanda ba ya saɓa wa kansa kuma ya isa ya ɗauki ilimin ƙirga, akwai maganganun da ba zai iya tabbatarwa ko ƙaryatawa ba, kuma ba zai iya kafa hujjar lafiyar kansa da kansa ba. Ana yawan jan wannan sakamako zuwa inda bai je ba, har a ce wai ya nuna babu tabbas a komai. Ɗaya daga cikin amfanin zama a aji a bi hujjar Gödel layi-layi, abin da kan ci zangon karatu guda, shi ne mutum ya daina faɗin haka.

Bayan wannan zamani hankali ya karkata ga yadda masu lissafi ke aiki a zahiri. Imre Lakatos, wanda ya gudo daga Hungary a 1956 ya yi digirin digirgir a Cambridge, ya bi tarihin hukunci guda ɗaya, ya nuna yadda aka yi ta kawo masa hujja, ana samun misalin da ya karya ta, ana gyara ma'anar kalmomi, ana sake gini. An buga aikin a matsayin littafi a 1976, bayan rasuwarsa. A shekarar ce kuma Kenneth Appel da Wolfgang Haken suka tabbatar cewa launi huɗu sun isa a rina kowace taswira ba tare da maƙwabta biyu sun yi launi ɗaya ba, amma da taimakon kwamfuta, ta hanyar da babu mutumin da zai iya bin ta duka da hannu. Shin hujjar da ba wanda ya karance ta hujja ce? Tambayar ta ƙara nauyi yanzu da ake da manhajoji irin su Lean masu tantance hujja, kuma nan ne ɗalibai da yawa ke samun batun bincike a yau.

Aikin mai tarihi

Reshen tarihi aikin takardu ne da harsuna. Misali ɗaya ya isa ya nuna abin da ake nufi. Wajen shekarar 820, a Bagadaza ta zamanin Halifa Ma'amun, Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi ya rubuta littafin da kalmar aljabara ta samo asali daga sunansa. Babban kaso na ƙarshen littafin a kan wasiyya da rabon gado yake. Da Robert na Chester ya fassara shi zuwa Latin a 1145, bai haɗa da wannan kason ba, domin ba shi da amfani ga masu karatunsa. Wanda ya san littafin ta hanyar Latin kaɗai ba zai ga cewa fiƙihu na cikin abubuwan da suka yi renon aljabara ba.

Kuma matsalolin gado lissafi ne na gaske. Mace ta rasu ba ta bar ɗa ba, ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai. Miji yana da rabi, su kuma suna da biyu bisa uku. In aka haɗa, an samu bakwai bisa shida, wato rabon ya fi dukiyar. Mafitar da jumhurun malamai suka bi, wadda ake kira auli, ita ce a raba dukiyar gida bakwai maimakon shida, miji ya ɗauki uku, su ɗauki huɗu, kowa ya ragu daidai gwargwadon rabonsa. Alƙalai da malaman ƙasar Hausa sun daɗe suna wannan aiki, kuma littattafan da suka yi amfani da su tushe ne ga mai binciken tarihin lissafi.

Horon fannin yana hana mutum rena abin da ya samu, yana kuma hana shi kumbura shi. Ƙashin Ishango, wanda Jean de Heinzelin ya tono a 1950 a ƙasar da yanzu ake kira Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo, ana ƙiyasta shekarunsa da kimanin 20,000, kuma yana ajiye a Brussels. A ɗaya daga cikin layukansa akwai tsage-tsage rukuni huɗu: 11, 13, 17 da 19. Waɗannan lambobi ne da ba sa rabuwa sai da kansu ko da ɗaya, shi ya sa ake yawan yaɗa cewa mutanen Ishango sun san wannan sirri. Wasu masana suna ganin kalandar wata ce, wasu suna ganin ƙirga ce kawai. Lambobi huɗu ba su isa su raba gardama ba, kuma mai kishin Afirka da ya kafa tutarsa a kansu ya ba abokin hamayya dama a banza, alhali akwai shaidu masu ƙarfi da ke rubuce da sunan marubutansu.

Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira

Ɗaya daga cikinsu shi ne Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, wato Bafulatani Bakatsine. Ya yi karatu a ƙasashen Sudan ta Tsakiya, ya tafi aikin Hajji, sannan ya zauna a Alƙahira, inda ya rasu a 1741 a gidan malami Hasan al-Jabarti. Ɗan mai gidan, Abdurrahman al-Jabarti, shi ne shahararren marubucin tarihin Masar, kuma ya sanya tarihin rayuwar baƙon mahaifinsa a cikin littafinsa. A farkon shekarun 1730 Bakatsinen ya kammala Bahjat al-Afaq, littafi a kan ilimin haruffa da aufaƙi, wato abin da Bahaushe ya sani da hatimi.

Hatimi a idon mai lissafi gidaje ne da aka jera murabba'i, aka zuba musu lambobi ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, zai ba da jimla ɗaya. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida uku-uku, da lambobi 1 zuwa 9, jimlar kowane layi 15, biyar tana tsakiya. Kusurwoyinsa huɗu suna ɗauke da 2, 4, 6 da 8, waɗanda a lissafin abajada su ne ba, dal, wau da ha, daga nan sunan buduhu ya fito. Mai gida biyar-biyar jimlarsa 65. Ana iya samun na uku-uku da gwaji, amma mai gida tara-tara ko goma sha ɗaya ba ya samuwa da sa'a, sai da ƙa'ida. Abin da ya ja hankalin masana tarihin lissafi ga littafin Bakatsinen shi ne ya bayyana hanyoyi na gina hatimai masu adadin mara, irin su uku, biyar da bakwai, hanyoyin da ke aiki komai girman hatimin. Ba'amurkiya Claudia Zaslavsky ta gabatar da shi ga masu karatun Turanci a littafinta Africa Counts na 1973.

A nan ne ake gane wanda ya samu horo. Akwai mai son ya tsame lissafin ya yar da sauran, ya fito da Bakatsinen a rigar farfesan zamani. Akwai mai ganin tunda littafin na asirai ne, ba shi da wuri a tarihin kimiyya. Dukansu sun auna mutumin ƙarni na 18 da mudun da ba nasa ba. A wurinsa haruffa da lambobi da taurari ilimi ɗaya ne, kamar yadda Kepler ya yi wa sarakuna duban taurari, Newton kuma ya shafe shekaru yana alkimiyya, ba tare da an kore su daga tarihin kimiyya ba. Haka kuma ba shi ya ƙago ilimin hatimi ba. Jacques Sesiano na Suwizalan ya tace ya kuma fassara rubuce-rubucen Larabci biyu na ƙarni na 10 a kan batun, na al-Antaki da na Abul Wafa al-Buzjani. Tambayar da ta dace ita ce me Bakatsinen ya gada, daga wa, ta wace hanya ilimin ya iso Katsina da Borno, me kuma ya ƙara ko ya sauya. Amsa ta tana buƙatar wanda zai zauna da kwafe-kwafen littafin ya gwada su da na magabata kalma da kalma, gida da gida.

Inda ake karatun

Ba kasafai ake samun sashe mai wannan suna a jami'a ba. Galibi ana shiga ne ta sashen falsafa, ko na tarihi da falsafar kimiyya, ko na lissafi. Mai son ɓangaren manɗiƙi da tushe yakan duba digiri na biyu na manɗiƙi a Jami'ar Amsterdam, ko cibiyar falsafa ta hanyar lissafi da aka kafa a Munich a 2010, ko Oxford, ko a Amurka rukunin manɗiƙi da Alfred Tarski ya assasa a Berkeley a 1957, da Carnegie Mellon, da sashen manɗiƙi da falsafar kimiyya na Irvine. Mai son tarihi, musamman na lissafin da aka rubuta da Larabci ko Sinanci, Paris ce cibiyarsa: a can Roshdi Rashed, ɗan asalin Masar, ya shafe shekaru yana tace littattafan lissafin Larabci, a can kuma Karine Chemla ta yi aikinta a kan na Sin. Wannan hanya ta fi sauƙi ga ɗalibin Nijar da ya taso da Faransanci.

Digiri na biyu shekara ɗaya ne a mafi yawan jami'o'in Birtaniya, biyu a sauran Turai. Digirin digirgir kan ci shekara uku zuwa huɗu a Turai, biyar ko fiye a Amurka, inda ake fara shi da darussan aji. Kundin ɗan falsafa hujja ce mai tsawo da yake karewa. Na ɗan tarihi sau da yawa tahaƙiƙi ne: ya tattara kwafe-kwafen littafi, ya fitar da matani ingantacce, ya fassara, ya yi sharhin lissafin da ke ciki.

Fannin ƙarami ne, kuma ƙaramin abu saurin mutuwa gare shi. Jami'ar Brown ta Amurka ta buɗe sashen tarihin lissafi a 1947 saboda Otto Neugebauer, masanin allunan Babila. Bayan rasuwar David Pingree a 2005, sashen bai ci gaba da zama da kansa ba. Guraben koyarwa kaɗan ne a ko'ina. Waɗanda suka fito ta ɓangaren manɗiƙi sukan samu mafita a kimiyyar kwamfuta, na tarihi kuma a ɗakunan adana littattafai, gidajen tarihi, tsara manhajar makarantu da aikin buga littattafai. Wanda zai shiga ya shiga da saninsa.

Giɓin da ke gida

A 1986 Ƙungiyar Masana Lissafi ta Afirka ta yi babban taronta na biyu a Jos, inda aka zaɓi Aderemi Kuku shugaba. A shekarar ce ƙungiyar ta kafa kwamitin tarihin lissafi a Afirka, ƙarƙashin Paulus Gerdes na Mozambik, da Ahmed Djebbar na Aljeriya a matsayin sakatare. Su biyun sun tattara jerin abin da aka rubuta a kan lissafi a tarihi da al'adun Afirka, wanda har yau mafari ne ga mai bincike.

Kayan aikin kuwa suna nan kusa. Akwai rubuce-rubucen hannu a Gidan Arewa da Ma'adanar Takardu ta Ƙasa a Kaduna, da Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da gidan tarihi na Jos, da cibiyar binciken ilimin ɗan Adam ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, ban da abin da ke cikin gafakokin gidajen malamai. John Hunwick ya fitar da juzu'i guda a 1995 da ya lissafa marubutan wannan yanki da ayyukansu. Harshen Hausa kansa taska ne: ashirin zuwa casa'in aro ne daga Larabci da ya ture tsohuwar ƙirga irin ta gomiya biyu da gomiya uku, ana cewa ashirin babu biyu a nufi 18, kuma a kasuwannin Maraɗi da Damagaram dala tana nufin sefa biyar, jika kuma sefa dubu, ta yadda mai saye da mai sayarwa ke ninkawa da biyar a ka duk yini.

Abin da ke wahalar samu shi ne mutum guda da ya haɗa abubuwan da aikin ke nema. Tsarin makarantun Najeriya yana raba yaro tun ajin farko na babbar sakandare, ko kimiyya ko adabi, kuma darasin tarihi ya shafe kusan shekara goma ba ya cikin manhajar firamare da ƙaramar sakandare a matsayin darasi mai zaman kansa kafin a dawo da shi. Wanda ya karanta lissafi a jami'a, abin da yakan samu na falsafa shi ne kwas ɗin gama-gari na falsafa da manɗiƙi. Wanda ya iya karanta rubutun Magaribi ba tare da tuntuɓe ba kuwa galibi ɗan zaure ne ko ɗan sashen Larabci, kuma ba a taɓa nuna masa cewa babin hisabi da ya haddace yana da masu nemansa a Paris ba. Kuɗin karatu ma haka suke: tallafin TETFund na ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ne, na PTDF ya karkata ga fannonin mai da iskar gas, don haka mai wannan buri yakan dogara ne ga irin su Commonwealth da DAAD ta Jamus, ko kuɗin da jami'ar da ta ɗauke shi za ta ba shi.

Ƙaramin misali yana nuna tsadar wannan rabuwa. Marubutan waƙoƙin ajami da na Larabci a ƙasar Hausa sukan ɓoye shekarar da suka gama aiki cikin wata kalma a baitocin ƙarshe, abin da ake kira ramzi, kowane harafi da ƙimarsa. Amma abajada iri biyu ce. A tsarin Gabas harafin shin 300 ne, gain kuma 1000. A tsarin Magaribi, wanda malaman wannan yanki suka bi, shin ne 1000. Mai binciken da ya koyi Larabcinsa daga littattafan Gabas, ya ɗauki ramzin da ya fara da shin ya lissafa da ƙimar da ya sani, zai mayar da waƙar ƙarni na 13 na Hijira baya da shekara 700.